Sau Huɗu Ne, Ba Sau Ɗaya Ba

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

A bayan littafin awo nake rubuta wannan, a shafukan da ba a kai ba. Da baƙin allo nake yi, wato ajami, don duk shagon nan ba mai haƙurin karanta shi. Yaya ma cewa yake rubutuna kamar tafiyar tsutsa.

Yau da hantsi Yaya ya faɗi. Ba faɗuwar tuntuɓe ba. Yana tsaye a teburin yanka, ya gama shata yadin wani mutum da alli, ya ɗauki almakashi, sai almakashin ya sulale daga hannunsa na dama ya daki ƙasa. Ya juyo zai yi min magana, maganar ta ƙi fita daidai. Daga nan ya zame a hankali ya zauna a kan tarin ƙyallaye. Ni da Mai Guga muka ciccibe shi muka sa a tasi. Kafin mu isa asibiti bakin ya dawo, har yana faɗa wai wa ya ce a bar shago a buɗe.

Likitar mace ce, siririya, ba ta da dariya. Ta auna jini ta ce ya hau sosai. Ta ɗora abin sauraron nan a gefen wuyansa na hagu, ta ce ya riƙe numfashi, ta daɗe tana ji. Sannan ta zauna.

"Malam, wannan ya taɓa faruwa?"

"A'a. Yau ne farau."

"Ko na minti ɗaya? Hannu ya mutu, ko baki ya karkace, ko ido ɗaya ya yi duhu?"

"Ko kusa."

"Taba fa?"

"Shekara biyar ke nan da na bari."

Anti, matarsa, ta iso a lokacin, mayafi a karkace. Ta ce, "Ni shaida ce, likita. Ni na raba shi da ita."

Likita ta ce akwai manyan jijiyoyi biyu a wuya masu kai jini kai, tana so a yi musu hoto. Amma na'urar ɗaya ce, layi kuma dogo. Ta ce, "Da ya sha faruwa da yau ɗin nan zan tsallakar da kai gaba, don mai maimaitawa ba a jira da shi. Tunda na farko ne kuma ya wuce, ga magani. Ka dawo ran sha bakwai in ga jinin. Hoto kuma ashirin da takwas."

Ni ina bakin ƙofa riƙe da takalman Yaya. Na ƙirga fankokin ɗakin. Biyu ne, ɗaya ba ta juyawa.

Talata, 4 ga wata, da safe

Ban ce komai ba.

Laraba, 5 ga wata, azahar

Yaya yana gida, an ce ya huta kwana uku. Shago ya yi tsit. Ni ne Aku, duk layin nan haka ake kirana, don ba muryar da ba na ɗauka. Mai shayi, mai gyaran waya, tsohon nan mai zuwa a rage masa wando duk wata, kowa na iya shi. In aka ji dariya ta tashi a layi ba a tambayar dalili, an san na buɗe baki.

Mai Guga ya gaji da shirun ya ce, "Aku, yi mana mai shayi mana, ranar da kyanwa ta faɗa masa a madara."

Na ce maƙogwarona na ciwo.

Ya ce, "To yi mana wancan na Yaya, na kwanaki..." Sai ya tsaya, dutsen guga a sama. Ya dube ni. Ya ajiye dutsen ya ce, "Kai, Aku. Wancan ɗin ba ƙirƙira ka yi ba?"

Na ce rigar da ke ƙarƙashin hannunsa ta fara ƙauri. Ƙarya ne, amma ya duba, ni kuma na fita.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Na kai wa Yaya ayyukan da za a yanka ya duba. Yana zaune a tsakar gida, Anti ta ajiye masa abinci ba gishiri ba mai, yana kallon kwanon kamar an kawo masa sammaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko akuya sai ta nemi yaji." Anti ta jefe ni da murfin kwano ta ce shaƙiyyi. Shi bai yi dariya ba.

Da ta shiga ɗaki ya jawo ni da hannun hagu.

"Ka ji abin da na gaya wa likita."

"Na ji, Yaya."

"To haka yake."

"Amma Yaya, ta ce in ya sha..."

"Ka riga ka mai da ni abin dariyar layi. Saura asibiti? Saura matata? Wa zai kawo yadinsa wurin telan da hannunsa ke mutuwa? Ka riƙe bakinka sau ɗaya a rayuwarka."

Na ce to.

Da sauri na ce to ɗin. Har na ji daɗin da ya ba ni umarni.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Saura kwana ashirin da ɗaya a yi hoto.

Lahadi, 9 ga wata, hantsi

Bari in rubuta shi ko sau ɗaya ne, tunda takarda ba ta da baki.

Wata uku da suka wuce, ni da Yaya kaɗai a shago, yana yi min faɗa kan aljihun da na ɗinka a juye. Yana cikin faɗan sai gefen bakinsa na dama ya sauka, hannu ya faɗi kamar an tsinke zare, maganar ta koma kamar ta mai ruwa a baki. Bai fi minti biyu ba. Ya zauna, ya wanke fuska, ya ce gajiya ce. Ni ma na ce gajiya ce. Har na yi dariya, don abin ya yi kama da wasa.

Da yamma a wurin mai shayi na yi shi. Na saki kafaɗa, na karkace baki, na maimaita faɗan aljihu da wannan muryar. Mutum goma sha wani abu. Mai gyaran waya har da faɗowa daga benci. Suka ce in sake, na sake. A na ukun ne na ga dariyar ta ɗauke daga gefe ɗaya, na waiga, Yaya yana tsaye da kofinsa.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Ya ajiye kofin ya koma shago.

Sati guda ana kiransa da wannan muryar in ya wuce. Ni na koya musu.

Na biyu, alli ne ya faɗi daga hannunsa. Ya shige bayan labulen gwaji ya ja, ya yi minti goma. Ina jin numfashinsa. Ban leƙa ba.

Na uku, da rana tsaka, ya rufe idon dama da tafin hannu ya ce, "An ɗauke wuta ne?" Na ce, "Yaya, rana ma kamfanin wuta ne ke ba da ita?" Can ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Na Litinin shi ne na huɗu.

Litinin, 10 ga wata, azahar

Ya dawo shago. Yana yanka lafiya lau, layinsa miƙe kamar da. Ƙila gajiyar ce da gaske. Mutum shekara arba'in da ɗaya, ga ƙarfi, buhun yadi shi kaɗai yake sauke shi. Ƙila likitoci ne da son tsorata mutane.

Bayan ya ci abinci ya dubi tsohon keken nan da ya mutu, wanda ke kusurwa, sannan ya dube ni. A aljihun keken muke ajiye kwalin taba. Ni nake sayowa, ni nake ɓoyewa, ni nake kawo kanumfarin da zai tauna kafin ya tafi gida. Shekara huɗu. Duk ranar da nake son tashi da wuri sai in ce, "Bari in je in gai da Anti," sai ya ce tafi, ɗan banza, tafi. Haka muke wasanmu.

Na ce ya ƙare.

Ya ce, "Ɗazu na ga rabi."

Na ce ɓera.

Ya tashi da kansa ya buɗe. Ya fita ta ƙofar baya. Na ci gaba da taka keke da ƙarfi don kada in ji ƙarar ashana.

Talata, 11 ga wata, da safe

Duk abin da ya faɗi a shago sai gabana ya faɗi. Jiya murfin kwalba ne.

Laraba, 12 ga wata, bayan la'asar

Na je wurin Inna. Tana tsince shinkafa a faranti, ta ce, "Auta, bakinka ya mutu kwana biyu. Wa ya doke ka?"

Na yi mata muryar maƙwabciyarta don ta bar ni. Ta yi dariya kaɗan, ba irin ta da ba.

Na tambaye ta yadda Baba ya rasu. Ina shekara tara a lokacin, abin da na sani kawai an ɗauko ni daga makarantar allo an ce in zo gida. Ta ce faɗuwa ya yi, a wannan shagon, a wannan teburin. Ta ce kafin nan ya yi wata biyu yana cewa hannunsa na barci, suna shafa masa man zafi. Ta ce ranar da ya faɗi bakinsa ya koma gefe, ya yi kwana shida yana kallonsu, yana son magana ba hali. Shekararsa hamsin da biyu.

Ta ce, "Yayanka shi ya ɗauke shi a kafaɗa. Shi ya sa ba ya son zancen." Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi nasa sau ɗaya ne, an kama shi da wuri."

Na ce alhamdu lillahi.

Na taya ta tsintar shinkafa. Ta ce tsakuwar nake mayarwa ina zubar da ƙwayar.

Alhamis, 13 ga wata, azahar

Anti ta aike ni asibiti karɓo sauran maganin. Na ce wa kaina in na ga likita zan faɗa. Na shirya maganar tun a hanya, har na gwada ta da muryar dattawa.

A wurin jira wata nas mai ƙiba tana yi wa mutane bayani, riƙe da hoton wuyan mutum a buɗe. Ta ce jijiyar nan kamar hanyar zariyar wando ce, in datti ya taru sai ta matse. To ba da zariya ta faɗa ba, da bututu ta faɗa, ni na mayar da shi zariya. Ta ce kitse ne ke liƙewa a bangon jijiya a hankali, tun mutum na saurayi, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Wata rana ɗan ɓarɓashi ya ɓalle ya haura kai ya toshe wata ƙaramar hanya. In ya narke, sai mutum ya ce gajiya ce. In bai narke ba, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Ta ce a ɗaga yatsa ga duk wanda mutum yake da shi. Hawan jini. Suga. Taba. Kitse a jini. Zama wuri ɗaya daga safe har yamma. Uba ko uwa da suka faɗi da wuri. Na yi wa Yaya lissafi a ƙarƙashin riga. Sugan ne kawai ban sani ba, amma mutumin da ke zuba cokali huɗu a shayi sau uku a rana, na ba shi rabin yatsa.

Wani tsoho a kusa da ni ya ɗaga hannu biyu ya ce, "'Yata, yatsuna sun ƙare, a ara min." Aka yi dariya. Da ni ne zan faɗi wannan.

Likita ta fito ta wuce ta gabana, kusa har na ji ƙamshin sabulun hannunta. Na miƙe. Ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Ina ne banɗaki?"

Ta nuna min. Na je na tsaya a ciki.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

In na faɗa na ci amanarsa. Shi ya yi min wandon farko, shi ya ɗora ƙafata a kan keke, shi ya je ya ba malam haƙuri ranar da na sa kwaɗo a tulun tawada. In ban faɗa ba...

Ban san me ke bayan "in ban faɗa ba" ba. Na sani. Inna ta gaya min. Kwana shida.

Lahadi, 16 ga wata, da safe

Gobe ne awon jini. Anti ta ce in raka su in riƙe mata jaka.

Litinin, 17 ga wata, bayan magariba

Jinin ya ɗan sauka. Likita ta ce madalla. Tana rubutu, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ba abin da ya sake faruwa ko? Kuma kafin wancan ma babu?"

Yaya ya ce babu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Sau huɗu ne."

Alƙalaminta ya tsaya. Anti ta juyo. Yaya bai juyo ba, ƙeyarsa kawai nake gani.

Likita ta ce, "Kai wane ne?"

"Ƙaninsa. Tare muke aiki."

"Ka gani da idonka? Wane hannu? Bakin wane gefe ya yi? Maganar, kalmomin ne suka ɓace masa ko harshen ne ya yi nauyi?"

Na fara kame-kame. Na ce kamar dai, wato, sai ya yi wani iri. Ta ce wani iri ba ya shiga takarda. Ni ban iya bayani ba, ban taɓa iyawa ba. Abu ɗaya na iya.

Na ajiye jakar Anti a ƙasa na ce, "Zan nuna."

Yaya ya ce, "Aku." A hankali ya faɗa.

Na saki kafaɗar dama. Na bar hannu ya faɗi. Na sauke gefen baki. Na yi faɗan aljihu, kalma bayan kalma, yadda ya fito ranar. Sannan na yi na alli. Sannan na rufe idon dama na ce an ɗauke wuta ne. Ban rage ba, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata.

Ba wanda ya yi dariya. Anti ta toshe baki da mayafi.

Likita ta ce, "Sake na idon. Wanne ya rufe?" Na sake. Ta ce, "To na hagu ne ya yi duhu, yana gwada shi ne. Jijiyar hagu ce." Ta dubi Yaya. "Malam, taba fa?"

Ya kau da kai. Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ƙasar ma amsa ce.

Ba a yi awa ɗaya ba aka kwantar da shi a ɗakin hoto, aka shafa masa wani mai mai sanyi a wuya. A allon na'urar na ga abu kamar hanya, ja na gudu a ciki, sai a wani wuri hanyar ta tsuke kamar an kama ta da fil. Likita ta ce in aka raba faɗin jijiyar hagu gida goma, fiye da bakwai sun toshe. Ta dama ma bangonta ya fara kauri. Ta ce a shekarunsa wannan ya yi wuri, amma da hawan jini da taba da gado ba abin mamaki ba ne. Ta ce aiki za a yi, a buɗe a kankare, cikin kwanakin nan, ba wata mai zuwa ba.

Yaya ya goge wuyansa ya ce zai yi shawara.

A tasi, da muka zo kwanar layinmu ya ce wa direba ya tsaya. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sauka. Kada in ga ƙafarka a shago."

Talata, 18 ga wata, hantsi

Ina gida. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Anti ta zo har ɗakina. Ba ta zauna ba.

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

"Kanumfarin nan da nake cewa yana son ƙamshi?"

"Ni nake sayowa."

"Kana cin abincina, kana ce min Anti, kana sa ni dariya. Na tsaya gaban likita na ce ni shaida ce. Kana tsaye kana ji."

Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙurin me? Wata uku! Da ka zo ka raɗa min tun na farko, ko da wasan naka ne, da na ja shi asibiti da wuyan riga." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce ba mai sa masa wuƙa a wuya. Ya ce magani ya isa. Na yi kuka, Inna ta yi kuka. Wai shi mai yanka ne, ya san abin da almakashi ke yi in hannu ya goce."

Ta kai ƙofa ta waiwayo ta ce, "Abin da ka yi shekaranjiya daidai ne. Amma kada ka ɗauka ya wanke ka."

Ban ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Mai Guga ya ce Yaya yana zuwa shago tun da sassafe, kafin kowa, shi kaɗai, ya yi yanka ya ajiye. Wai ba ya son a tsaya masa a kai ana kallon hannunsa.

Na faɗa kuma ya ƙi. To me na yi ke nan? Na tona shi a banza.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Na bi ta bayan layi na ga ƙofar shago a buɗe rabi. Na ji ƙarar almakashi. Na tsaya har na ji sau ashirin. Na dawo.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Ƙarfe bakwai saura kwata wayata ta yi ƙara. Sunansa. Na ɗauka na ce, "Yaya, ina kwana."

Shiru. Sai numfashi. Sai wannan muryar. Ba tawa ta wurin mai shayi ba, ta ainihi. Kalma ɗaya yake ta ja, ta ƙi ƙarewa. Wani zai ce layi ne ba kyau. Anti ma da ita ya kira da sai ta ce me ka ce, me ka ce. Ni na san me ya ce. Sunana yake kira.

Ban tsaya neman takalmi ba. Na tare tasi a tsakiyar titi, direba yana zagina ina ce masa na gode. Na same shi a ƙasa, jingine da ƙafar tebur, wayar a hannun hagu. Na ɗauke shi. Ban san ina da ƙarfin ba.

A mota na riƙe kansa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina kallon agogon direba don na ji nas ta ce a riƙe lokaci. Da muka isa na ce wa likitan da ke bakin aiki, "Bakwai saura kwata ya fara, hannun dama, jijiyar hagu, na biyar ke nan, katinsa na wurin likita siririya." Ya dube ni ya ce ko ni ma'aikacin lafiya ne. Na ce tela ne.

Wannan karon bai wuce a minti goma ba. Sai wajen azahar maganar ta fara haɗuwa. Hannun bai gama dawowa ba.

Da likitarsa ta zo ta ce, "Malam, shawarar fa?" ya ɗaga hannun hagu ya nuna wuyansa ya ce, "Yanka."

Lahadi, 23 ga wata, azahar

Cikin duk lambobin da ke wayarsa, tawa ya kira.

Talata, 25 ga wata, bayan la'asar

An shiga da shi ƙarfe tara, an fito da shi sha biyu da rabi. Ni da Inna da Anti a benci ɗaya. Anti ta sayo ruwa leda uku, ta miƙa wa Inna, ta ajiye ɗaya a tsakanina da ita. Na sha.

An ce aiki ya yi kyau.

Na bi likita har bakin ofishinta na tambaye ta abin da ke cina. Na ce da an zo wata uku da suka wuce fa? Ta dube ni ta ce, "Kana son in ce ba bambanci?" Na ce a'a. Ta ce, "To akwai. Amma abin da ke wuyansa ya fi shekara goma yana taruwa, ba kai ka zuba shi ba. Je ka ci abinci."

Rabin farkon ne ya zauna min.

Alhamis, 27 ga wata, da yamma

Yatsu biyu na hannun dama ba sa kamawa, babba da manuni. Na almakashi ke nan. Mai gashin ƙashi, wato mai koya masa motsa hannu, ya ce wataƙila su dawo, wataƙila rabi. Yaya yana matsa ƙwallon roba yana kallon bango. In na shiga ba ya korata, ba ya kuma yi min magana. Na gyara masa filo, ya bari.

Asabar, 29 ga wata, bayan azahar

Yau za a sallame shi. Muna ɗakin gaba ɗaya, Inna a kan kujera, Anti na haɗa kaya, ni ina naɗe tabarma. Likita ta zo tana karanta masa dokoki: magani kullum, tafiyar ƙafa kowace safiya, gishiri kaɗan, taba ko hayaƙinta. Ta ce kuma 'yan'uwansa na jini su riƙa auna jini, don abin yana bin gida.

Yaya ya ɗaga hannun hagu. Maganarsa yanzu a hankali take fita, sai ya tauna kowace kalma. Kowa ya tsaya yana jira.

Ya nuna ni ya ce, "Likita. Wannan. Yana sha."

Na ce, "Yaya!"

"Tun yana. Sha tara. Kwali ɗaya. Mu biyu."

Ban taɓa rubuta wannan a nan ba. Ban ga dalili ba.

Inna ta ce, "Auta?" Irin kiran nan da ya fi mari. Anti ta saki zanen da take ninkewa ta ce, "Au, ashe ɓerayen biyu ne." Likita ta ce in miƙo hannu. A tsaye ta auna ni, a gaban kowa, ta ce na ɗan shekara ashirin da huɗu bai kamata ya kai nan ba. Na ce tsoro ne. Ta ce za mu gani. Ta yanke min kati, ta rubuta hoton wuya da gwajin jini, Alhamis ƙarfe tara.

Na dubi Yaya. Gefen bakinsa ɗaya ya ɗaga. Ban sani ba ko murmushi ne ko yadda bakin ya zama ke nan, kuma ba zan taɓa tambaya ba.

Da muka fito ya ƙi keken marasa lafiya. Ya dafa kafaɗata, da nauyinsa duka, har bakin titi. Na ce, "Yaya, ka yafe min." Ya yi taku uku kafin ya amsa.

"Ban ce ba. Tare mota."

Na tare.